Sa'a Ɗaya Da Ke Raba Ciniki: Yadda Kwamfuta Ke Rubuta Lokaci

Duk mai sauraren gidajen rediyon ƙasashen waje ya saba jin mai gabatarwa yana faɗin lokaci sau biyu, ya faɗi agogon Najeriya da Nijar, sannan ya faɗi agogon GMT da Ghana. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki wannan a matsayin al'adar 'yan rediyo kawai, ba mu taɓa zaton wata rana wannan tazara ta sa'a ɗaya za ta shigo cikin littafin cinikinmu ba. To amma tun da kuɗi suka koma tafiya ta waya, rasit ya koma saƙo, akawu kuma ya koma zama gaban kwamfuta, sai ga shi ta shigo, har tana neman haɗa yaro da uban ɗakinsa.

Bari mu buga misali. A ce wani falke yana Kumasi, an yi da shi zai biya bashin kaya kafin watan Janairun 2024 ya ƙare, in ba haka ba a ƙara masa farashi. Ranar 31 ga wata da ƙarfe 11:30 na dare ya tura kuɗin zuwa ga mai kayan da ke Kano, wayarsa kuma ta nuna masa 31 ga Janairu. Amma a daidai wannan lokaci ƙarfe 12:30 ne a Kano, wato 1 ga Fabrairu ta riga ta shigo, kuma abin da wayar mai kaya za ta nuna ke nan. Gari ya waye, wannan ya ce ya cika alkawari, wancan ya ce an saɓa masa, kowa kuma yana riƙe da shaidarsa a hannu. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da aka manta shi ne a faɗi da agogon wane gari aka yanke wa'adin.

Wannan matsala da ta samu falke ita ce ke cin tuwo a ƙwaryar masu gina manhajar kwamfuta da masu nazarin bayanai a bankuna da kamfanonin waya da tashoshin jiragen ruwa. Sanin yadda suke fama da ita zai taimaki ɗan kasuwa ya karanta takardunsa da idon basira.

Daga inuwa zuwa agogo

Asali kowane gari da lokacinsa, domin rana ce agogo. Har yau muna ganin haka, don kuwa mutanen Maiduguri kan sha ruwa da azumi kimanin rabin sa'a kafin mutanen Sakkwato, alhali agogon hannunsu ɗaya ne. Dalili shi ne duniya na juyawa sau ɗaya cikin sa'a 24, an kuma kasa kewayenta zuwa digiri 360, saboda haka kowane digiri 15 daidai yake da sa'a ɗaya, kowane digiri ɗaya kuma minti 4. Tsakanin garuruwan nan biyu akwai kusan digiri 8.

A zamanin tafiya da jaki da raƙumi wannan bai dami kowa ba. Zuwan jirgin ƙasa da wayar tangaraho ne ya tilasta wa mutane neman agogo guda da za a riƙa komawa gare shi. A shekarar 1884 wakilan ƙasashe 25 suka yi taro a birnin Washington na Amurka, inda suka amince a ɗauki layin da ya ratsa unguwar Greenwich ta birnin Landan a matsayin mafarin awo. Daga sunan wannan unguwa aka samu sunan GMT. Wannan layi ya gangaro Afirka ta Yamma, ya ratsa garin Tema na Ghana kafin ya faɗa teku, shi ya sa agogon Ghana bai da bambanci da GMT. Ita kuwa Najeriya tun shekarar 1919 take gaba da GMT da sa'a ɗaya.

A yau sunan da masana ke amfani da shi shi ne UTC, wanda ake aunawa da agogo na musamman masu matuƙar daidaito. Ga ɗan kasuwa dai, UTC da GMT duk Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin bambancinsu bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Iyakokin da agogo ke canzawa

Mai ciniki tsakanin Illela da Ƙonni, ko Jibiya da Maraɗi, ko Maigatari da Damagaram, ko Gamborun Ngala da Fotokol, ba shi da wata damuwa, saboda Najeriya da Nijar da Benin da Kamaru da Chadi duk agogonsu ɗaya ne, sa'a ɗaya gaba da GMT. Aljeriya ma haka take. Wannan ne ya sa da yawa ba su taɓa lura da batun ba.

Labari kan canza ne idan aka miƙa yamma. Da zarar mota ta bar Benin ta shiga Togo, ko ta bar Nijar ta shiga Burkina Faso ko Mali, to agogo ya koma baya da sa'a ɗaya, kuma haka zai zauna har Ghana da Kwaddibuwa da Senegal. Idan kuwa gabas ko arewa aka nufa, daga Chadi zuwa Sudan ko daga Agadas zuwa Libiya, sai a tura agogo gaba da sa'a ɗaya.

Masu sarin kaya daga nesa tazararsu ta fi yawa. Jidda na gaba da Kano da sa'a 2, Dubai da sa'a 3, Indiya da sa'a 4 da rabi, sannan Guangzhou ta ƙasar Sin da sa'a 7 cur. Ma'ana, duk saƙo ko kuɗin da aka tura daga Kano ko Yamai bayan ƙarfe 5 na yamma, a wurin mutumin Guangzhou gobe ce ta riga ta yi. Ƙasar Sin kuwa duk faɗinta agogo ɗaya take bi, na birnin Beijing, saɓanin Amurka da Rasha da ke da agogo barkatai a cikin ƙasa guda.

Yadda na'ura ke ƙirga lokaci

Duk abin da ya faru a cikin kwamfuta, tura kuɗi ne ko kiran waya ko shigar kwantena tasha, akan buga masa alamar ranar da sa'ar da ya faru. Wannan alama ita za mu kira hatimin lokaci, kamar dai hatimin da jami'in kwastan ke bugawa a takarda.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, yawancin na'urori ba su ajiye wannan hatimi da sunan wata ko rana. Lamba ɗaya tak suke ajiyewa, wato yawan daƙiƙoƙin da suka wuce tun daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970 agogon UTC. Wannan tsari ya samo asali ne daga babbar manhajar Unix, kuma kowace rana tana ƙara daƙiƙa 86,400 a kan lissafin. Lambar ta cika biliyan ɗaya a ranar 9 ga Satumban 2001. Lokacin da falkenmu na Kumasi ya tura kuɗinsa, lambar ita ce 1706743800, kuma wannan lamba ɗaya ce a Kumasi da Kano da Guangzhou. Sai an zo nuna wa mutum ne wayarsa ke duba agogon garin da aka saita ta a kai, ta juya lambar zuwa rana da sa'ar da ya saba da su. Shi ya sa saƙo ɗaya na WhatsApp kan nuna sa'a daban a wayar mai aikawa da ta mai karɓa.

Wanda ya taɓa ganin tsohuwar waya ko rasit ya nuna shekarar 1970, yanzu ya san dalili: lissafin ne ya koma sifili. Haka kuma wasu manhajoji ba daƙiƙa suke ƙirgawa ba, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa suke ƙirgawa, sai lambarsu ta zama mai gurbi 13 maimakon 10. Idan mai nazari ya rikita biyun, sai cinikin bana ya bayyana kamar an yi shi a watan Janairun 1970. Akwai ma wata rana da masana ke shirye-shiryen tarbarta, 19 ga Janairun 2038, wadda a cikinta lambar za ta wuce 2,147,483,647, iyakar abin da wasu tsofaffin na'urori ke iya ɗauka. Sababbin na'urori an riga an faɗaɗa musu wurin ajiyar.

Domin a samu rubutun da mutum da na'ura za su karanta ba gardama, hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai suna ISO 8601 a shekarar 1988. A bisa wannan ƙa'ida ana fara rubuta shekara, sai wata, sai rana, sai sa'a, sannan a rufe da tazarar da ke tsakanin agogon garin da UTC. Kuɗin falkenmu a Kumasi za a rubuta su 2024-01-31T23:30+00:00, a Kano kuma 2024-02-01T00:30+01:00. Wannan 'yar wutsiya ta ƙarshe ita ce ke raba gardama. Idan kuma ka ga harafin Z a ƙarshen lokaci a jikin wata takarda, to agogon UTC ake nufi, sai ka ƙara sa'a ɗaya in kana Najeriya ko Nijar.

Lokaci mara adireshi

Ɗan kasuwar kan iyaka ya fi kowa sanin cewa idan aka rubuta 50,000 a takarda ba a ce naira ba ce ko sefa ko sidi, to ba a gama magana ba. Haka lokaci yake. Idan aka rubuta ƙarfe 2 na rana ba a faɗi na wane gari ba, an bar ƙofar rigima a buɗe. Masu gina manhaja sun kasa lokaci gida biyu a kan haka: akwai wanda ke ɗauke da shaidar garinsa, akwai kuma wanda ya zo haka nan ba adireshi.

Ɗaya daga cikin harsunan kwamfuta da aka fi amfani da su wajen nazarin bayanai shi ne Python, tare da wani kundin kayan aiki mai suna pandas wanda Wes McKinney ya fara ginawa a shekarar 2008. Idan mai aiki ya nemi Python ya faɗa masa wanne ya riga wani tsakanin lokaci mai adireshi da mara adireshi, sai ya ƙi, ya tsayar da aikin ya nuna kuskure. Sababbin shiga kan ji haushin wannan, alhali gata aka yi musu, domin daidai yake da ɗan canjin da ya ƙi haɗa maka naira da sefa a ƙulli ɗaya.

Ayyuka biyu ake yi wa lokaci, kuma rikita su shi ne babban ramin da ake faɗawa. Na farko shi ne liƙa masa sunan garin da aka rubuta shi, ba tare da an taɓa lambobin ba. Na biyu shi ne juya shi zuwa agogon wani gari, inda lambobin za su canza amma lokacin da abin ya faru yana nan yadda yake. Na farko kamar rubuta "sefa" ne a jikin ƙullin kuɗi, na biyu kuma kamar kai ƙullin ne wurin ɗan canji. Yanzu a ce takardar lissafi ta zo daga Dubai an rubuta 14:00 ba adireshi, akawun da ke Kano kuma ya liƙa mata agogon Najeriya kai tsaye. Ya ɓata lissafin da sa'a 3 ke nan, domin ƙarfe 2 na rana a Dubai ƙarfe 11 na safe ne a Kano. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya fara liƙa mata Dubai, sannan ya juya ta zuwa Kano.

Ɓarnar irin wannan kuskure ba ta fitowa sai an zo haɗa littattafai. Kuɗi sun bar Kano ƙarfe 10:20 na safe, sun isa Lome bayan minti ɗaya, littafin Lome ya rubuta 9:21. Idan aka jera layukan biyu ba adireshi, lissafi zai nuna an karɓi kuɗi minti 59 kafin a turo su, kuma daga nan sai a fara kallon yaron shago da idon zargi. Kazalika idan aka ajiye bayanan ciniki da UTC aka manta ba a juya su ba kafin a tara jimillar kowace rana, to cinikin ƙarfe 8 na safe zai bayyana kamar na ƙarfe 7, kuma duk abin da ya shigo tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 1 na dare zai faɗa cikin jiya. In daren ƙarshen wata ne, sai jimillar wata biyu ta ƙi daidaita da ta banki. Saboda haka ƙa'idar da ƙwararru suka fi bi ita ce: a ajiye komai da UTC, a juya zuwa agogon gari kafin a yanka ranaku, a kuma rubuta a saman rahoto da wane agogo aka yi aiki.

Ƙasashen da ke juya agogonsu

Wani zai ce ai abin mai sauƙi ne, a haddace tazarar kowace ƙasa a huta. To, a nan ma akwai tarko, domin tazarar ba ta zama wuri ɗaya. Yawancin ƙasashen Turai kan tura agogonsu gaba da sa'a ɗaya a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Saboda haka daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan da na Kano ɗaya ne, sauran watanni kuma Landan na baya da sa'a ɗaya. Paris kuwa akasin haka ne: da sanyi tana daidai da Yamai, da zafi ta wuce ta da sa'a ɗaya. Yawancin jihohin Amurka su ma suna juya nasu, amma a ranaku daban, tun 2007 suna farawa ne a Lahadi ta biyu ta Maris su ƙare a Lahadin farko ta Nuwamba.

A daren da Ingila ke tura agogo gaba, daga ƙarfe 1 sai ƙarfe 2, wato babu 1:30 a wannan dare sam, ranar kuma sa'a 23 ce. A daren da ake dawo da shi, 1:30 kan zo sau biyu, ranar ta zama sa'a 25. Mai nazarin da ya ci karo da 1:30 mara adireshi a irin wannan dare ba shi da hanyar sanin ta farko ce ko ta biyu.

Bugu da ƙari, gwamnatoci kan canza agogo gaba ɗaya. Sudan ta tura nata gaba da sa'a ɗaya a watan Janairun 2000, ta kuma dawo da shi ranar 1 ga Nuwamban 2017. Don haka takardar da aka rubuta a Khartum a 2015 tana gaba da Njamena da sa'a 2, wadda aka rubuta a 2018 kuma da sa'a ɗaya. Sudan ta Kudu ta yi irin wannan gyara a watan Fabrairun 2021. Turkiyya ta daina juya agogo a 2016, Masar kuma ta dawo da juyawar a 2023 bayan ta yi shekaru da dainawa. A 2018 Maroko ta ɗauki tsarin zama sa'a ɗaya gaba da GMT, amma a mayar da agogo baya idan watan azumi ya kama.

Babu mai iya riƙe duk wannan a ka. Shi ya sa akwai wani kundi na musamman da ke tattara tarihin agogon kowace ƙasa, wanda wani Ba'amurke mai suna Arthur David Olson ya fara haɗawa a shekarun 1980, Paul Eggert ya ci gaba da kula da shi, hukumar IANA kuma ta karɓi ɗawainiyarsa a 2011. Kundin yana kiran kowane yanki da sunan nahiya da babban gari, shi ya sa idan ka shiga wurin saita lokaci a wayarka za ka ga Legas ko Yamai ko Akara, ba za ka ga Kano ko Maraɗi ba. Akan sabunta shi duk lokacin da wata ƙasa ta canza doka, kuma na'urar da ta daɗe ba a sabunta ta ba za ta ci gaba da bin tsohuwar doka.

Wata ne a gaba ko rana?

Ko an daidaita sa'a, akwai sauran rina a kaba wajen rubuta kwanan wata. Idan aka rubuta 03/04/2024, mu da Ingila da Faransa 3 ga Afrilu muke karantawa, Ba'amurke kuwa 4 ga Maris yake gani, mutumin Sin kuma shekara yake sa wa a gaba. Idan aka buɗe takardar lissafi a Excel ɗin da aka saita bisa tsarin Amurka, ranakun 1 zuwa 12 za su iya juyewa su zama watanni, waɗanda suka wuce 12 kuma su tsaya yadda suke, sai a wayi gari rabin littafi daidai, rabi a birkice, ba tare da wata alamar gargaɗi ba.

Mu ma muna da namu salon. Idan Bahaushe ya ce daren Juma'a, daren da Alhamis ta wuni ta shiga yake nufi, domin a lissafinmu na gargajiya da faɗuwar rana sabon kwana ke kamawa. Ita kuwa kwamfuta sai ƙarfe 12 na dare take juya kwanan wata. Mota da aka ce ta tashi daren Juma'a bayan sallar isha'i, a littafin kwamfuta ranar Alhamis ta tashi.

Rigakafi ya fi magani

Ba sai ɗan kasuwa ya koyi gina manhaja ba kafin ya kare dukiyarsa. Idan za ku yanke wa'adi da abokin ciniki na wata ƙasa, ku faɗi rana da sa'a da gari, misali 31 ga Janairu, ƙarfe 6 na yamma agogon Kano. Ku guji sa wa'adi a tsakar dare, ku kuma rubuta sunan wata da haruffa maimakon lamba. Tsarin sa'a 24 da 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru suka saba da shi, inda ake rubuta 15:30 maimakon 3:30, ya fi tsare gaskiya.

Kada a dogara da hoton fuskar waya kaɗai a matsayin shaida, domin agogon waya abu ne da hannu ke iya canzawa, kuma a bakin iyakar da agogo ya bambanta waya kan iya kama layin maƙwabta ta canza sa'a da kanta. Lambar shaidar tura kuɗi ita ce abin riƙewa, da ita ne banki ko kamfanin waya zai binciko ainihin hatimin lokacin da ke rumbunsa.

Wanda kuma yake da akawu ko ɗa mai riƙe masa lissafi a kwamfuta, ya tambaye shi da agogon wane gari yake yanka ranaku, da kuma yadda yake yi da takardun da ke zuwa daga Lome ko Dubai ko Guangzhou. Idan wata rana littafi biyu suka ƙi haɗuwa, a fara duba layukan da suka faɗo kusa da tsakar dare, a kuma duba ko bambancin da ke tsakaninsu sa'a ɗaya ce cif, ko uku, ko bakwai. In haka ne, to a zauna a gyara agogo tukuna kafin a kira kowa ɓarawo.